Abba ba ya ji

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da bayoloji a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma babu shekarar da ba na zana kunne a allo. Hannuna ya saba har ba na duba littafi. In fara da fatar kunne ta waje, in ja rami, in tsayar da dodon kunne a ɗan karkace, in jera 'yan ƙasusuwan nan uku, in murza alli in fitar da katantanwa. Yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, kowa ya kama gabansa. Na fara da wannan ne don a san wanda ya aikata abin da zan ba da labari ba jahili ba ne. Da jahili ne ma da abin ya zo da sauƙi.

Ɗana na biyu sunan mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Bana shekararsa takwas. Tun yana aji ɗaya ƙara ɗaya ake kawo mini a kansa: Abba ba ya ji. Uwarsa ta faɗa, yayarsa ta faɗa, malamin Islamiyya ya tare ni a ƙofar masallaci ya faɗa. To kun san mu da kalmar nan. Da ita muke jin ƙara, da ita muke jin Hausa, jin yunwa, jin ƙamshi, jin maganar manya. In aka ce yaro ba ya ji, babu wanda hankalinsa ke zuwa kan kunne, kowa tarbiyya yake nufi. Mu ce yana da kunnen ƙashi, mu ce ya yi kunnen uwar shegu, mu ce a ja masa kunne. Kullum kunne na bakinmu, amma ba wanda nake zanawa a allo ba.

Wata Asabar cikin hunturun bara, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida ina duba takardun gwaji. Abba na durƙushe gindin dalbejiya yana jera murafun kwalba, ya ba ni gefensa na hagu. Na ce ya miƙo mini buta. Shiru. Na sake. Na kira na uku da ƙarfi, ko gezau. Raina ya ɓaci, na tashi na kama kunnen da ke kusa da ni na murɗe. Sai na ji danshi a yatsuna. Na duba, mugunya ce, ruwan ɗorawa, da wani wari da har yau in na tuna sai na ji shi a hanci. Yaron bai yi kuka mai ƙarfi ba. Ya dafe wurin, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Baba, wallahi ban ji ba."

Uwarsa ta leƙo daga madafa. "Ai Malam ya daɗe yana yi," in ji ta. "Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Tun lokacin haƙori."

Ba zan ɗora mata ba, don ni ma na sani. Ina tune da daren da abin ya fara, yana ɗan shekara biyu. Mura ta kama shi kwana uku, sai zazzaɓi, ya kwana yana tsala ihu yana jan kunne. Gab da asuba ya yi shiru ya yi barci, da gari ya waye muka ga mugunya a zanen da ya kwanta. Muka ce alhamdu lillahi, ciwo ya fashe, ya huce. Na saya masa maganin ɗigawa a wani kemis, Inna kuma ta ɗumama mai ta ɗiga masa, ta ce duk 'ya'yanta sun yi, haƙori ne. Ni da nake karantar da kunne ban tsaya na tambayi kaina mene ne ya fashe ba.

Dodon kunnensa ne ya fashe. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, kuma ɗakin nan yana da siririyar hanya guda da ta gangara ta ɓulla bayan hanci. Ita ke daidaita iskar ciki da ta waje. Duk wanda ya taɓa hawa mota zuwa Jos ya san yadda kunne ke toshewa a kan tudu, ka haɗiye yawu ka ji ya buɗe. To hanyar nan ce ta buɗe. Sunan wani likitan Italiya na ƙarni na 16, Eustachi, aka laƙaba mata. A babba tsawonta ya kai kamar santimita 3 da rabi, kuma tana da gangara. A jariri kuwa wajen rabin haka ce, kuma kusan a kwance take, kamar magudanar da magini ya manta bai yi mata gangara ba. Mura na zuwa sai ta kumbura ta toshe, ƙwayoyin cuta su haura daga hanci, mugunya ta taru a ɗakin nan da ba shi da mafita, ta yi ta tura dodon kunne. Ihun daren nan ke nan. In ta fasa shi ta fito, zafi ya sauka, yaro ya yi barci. Sau da yawa hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Na Abba bai haɗe ba, don duk wanka ruwa na shiga, duk damina yana bin yara kududdufi, duk hunturu mura na dawowa.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta muka tafi asibiti. Likitar kunnen mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa aka share mugunyar, ta ɗauko 'yar fitilar da suke leƙa kunne da ita. Da ta ji aikina sai ta ce, "Malam, zo ka ga abin da kake koyarwa." Ta fara nuna mini na dama. Ban taɓa ganin dodon kunne na gaske ba sai ran nan. Wata 'yar fata ce mai ruwan toka, tana sheƙi kamar ɓawon albasa, faɗinta bai cika santimita ɗaya ba, har kana hango ƙotar ƙashin farko manne a bayanta. Sannan ta juya shi. Na hagun ja ne, jiƙe, da huji a tsakiya kamar ƙwayar dawa.

Sai ta ɗauko wani ƙarfe mai ƙafa biyu kamar 'yar gwafa, ta buga shi a gwiwarta, ya ɗauki kuka siriri, ta dasa gindinsa a tsakiyar goshin Abba.

"Abba, a wane kunne ka fi ji?"

Ya nuna na hagu, mai ciwon. Na yi caraf na ce, "Likita, bai gane tambayar ba ne."

"Ya gane," ta ce. "Kai ne ba ka gane ba."

Ta yi mini bayani, na ji kunya da daɗi lokaci guda. Ƙarfen da ke goshi ba ta ramin kunne yake aika sautinsa ba, ta ƙashin kai yake bi kai tsaye zuwa can ciki. In hanyar waje ce ta lalace, cikin kuma lafiyarsa lau, kunnen mai ciwo shi ya fi jin irin wannan sautin, don hayaniyar waje ba ta dame shi ba. Kowa na iya gwadawa: toshe kunne ɗaya da yatsa, ka yi gunji baki rufe, za ka ji muryarka ta koma wanda ka toshe. Wato labari mai daɗi ne. Ƙofa ce ta lalace, mai gidan yana nan.

Tana rubuta magani, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ana marinsa?"

Na ce a'a. Gaskiya ne, ban taɓa marinsa ba. Amma ban gaya mata ta yadda aka yi na gano mugunyar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai ce mari ɗaya a kan kunne ya isa ya fasa dodon kunne lafiyayye, don tafin hannu iska yake dannawa cikin rami da ƙarfi, kuma a matsayina na malami in gaya wa abokan aikina. Ta ce kada a ƙara ɗiga masa komai sai abin da ta rubuta, don kunnen da ke da huji duk abin da aka zuba ciki yake wucewa. A riƙa tsane mugunyar da tsumma mai tsabta da aka murza kamar lagwani, a toshe da auduga mai man Vaseline in za a yi wanka, kududdufi kuwa an yi ban kwana. In aka ga kumburi a bayan kunne, ko baki ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi, ko jiri, a taho ko da tsakar dare ne. Tsakanin rufin ɗakin nan da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai, jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan ta ratsa.

Daga asibiti gidan Baba Tsoho muka zarce, don takwaransa ne, dole a gaya masa. A nan ne kuma na ga ɗaya rabin darasin da nake zanawa.

Mahaifina maƙeri ne, ɗan maƙeri. Sama da shekara hamsin yana bakin wuta. Hauya, lauje, gatari, duk ya ƙera, amma abin da yake alfahari da shi kayan doki ne. In salla ta ƙarato, masu hawa kan yi layi a maƙerarsa, wannan a gyara masa linzami, wancan likkafa, kuma ranar hawa in dawaki suka taso Ƙofar Soro yakan nuna mana aikinsa a ƙafar mahaya tun daga nesa. Ni ma na yi zuga ina yaro kafin boko ya ɗauke ni. To abin da ban taɓa gaya masa ba sai ran nan shi ne, 'yan ƙasusuwan nan uku da ke bayan dodon kunne, waɗanda suka raɗa musu suna da Latin kamar a maƙerarsa suka zauna. Na farko guduma. Na biyu uwar maƙera. Na uku likkafa, kuma wallahi likkafa ce sak, da ƙafafu biyu da mataki, tsawonta kamar milimita 3, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Babu ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta a jikin ɗan Adam.

Sai da na maimaita sau biyu, bakina kusa da fuskarsa, sannan ya kama. Ya yi dariya har da tari. "To ashe gado ne kowa ke yawo da shi," in ji shi.

Aikinsu ma maƙeri zai fi kowa ganewa. Sauti iska ce ke kaɗawa, can ciki kuwa katantanwar cike take da ruwa, kuma iska ba ta iya girgiza ruwa da kyau. Wanda ya taɓa nutso ya san yadda muryar na tudu ke dushewa. Sai aka yi dabara. Dodon kunne mai faɗi ya tattara kaɗawar, ya miƙa wa guduma, guduma ta ba uwar maƙera, ita kuma ta ba likkafa, likkafa ta danna wata 'yar taga ƙarama. Ƙarfin da aka tara a wuri mai faɗi ya taru a wuri ƙanƙane, kamar yadda bugun da ka yi a kan ƙusa ke taruwa a tsininta. Da haka matsin ke ninkuwa kusan sau 20. Wannan sashen ne ya samu matsala a kunnen Abba.

Na Baba Tsoho daban ne. Dodon kunnensa lafiya, ƙasusuwansa lafiya. Katantanwar ce ta gaji. Girmanta kamar ƙwayar wake, ta naɗe sau biyu da rabi da ɗan ɗori, kuma a cikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ke mayar da motsin ruwa saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan. Abin haushi, kaza in nata suka lalace sababbi ke fitowa, mu ne ba a ba mu wannan ba. Masana suna auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Daga 85, in mutum zai wuni awa takwas a ciki kullum, ɓarna ta fara, kuma duk ƙarin 3 lokacin da kunne zai jure raguwa yake da rabi. Saukar guduma a kan uwar maƙera tana haura 100. A lissafa shekara hamsin.

Ɓangaren da ke karɓar siririn sauti shi ke fara tafiya. Shi ya sa Baba ke jin ganga, yana jin tsawa, yana jin muryar namiji, amma ba ya jin ƙarar wayarsa, kuma jikokinsa mata in suna magana sai ya ce suna cinye harshe. Yana jin amon magana, baƙaƙen ne ke zubewa. Ka ce "sha", ka ce "sa", ka ce "ta", duk "a" ke isa gare shi. Ihu ba ya taimakawa, sai ma ya ɓata masa rai. Abin da ke taimakawa shi ne ka fuskance shi cikin haske ka yi magana a tsanake. Ya daɗe yana cewa akwai gyare a cikin kansa da ba ya yin shiru dare da rana, muna ɗauka zolaya ce irin tasa. Shekara nawa muna cewa tsoho ya fara miskilanci, ana masa magana yana share mutane. Ya daina zama majalisar bayan magariba, muka ce girma ne. Shi an ce miskili, jikansa an ce kunnen ƙashi, a gida ɗaya, kuma akwai malamin bayoloji a gidan.

Yanzu in na wuce wurin masu injin niƙa na ga yaro ɗan shekara goma sha biyu kansa a jikin inji tun safe, ko masu walda da masu bugun kwano, ko ɗan acaɓa da abin sauraro cushe a kunne har ni da ke baya ina jin waƙar, Baba nake gani. Gwajin ba wuya: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya yi wa kunne yawa. Abin toshe kunne na roba bai kai kuɗin kwanon abinci ba, amma ka ba matashi ya sa, sai abokansa su mayar da shi abin dariya.

Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da nake tunawa. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ina firamare, ta kwanta, aka fid da rai, Allah ya tashe ta. Amma ta tashi ba ta jin komai, don sanƙarau kan ƙone katantanwar gaba ɗaya. Maganarta ta yi ta lalacewa har yara suka koma ce mata bebiya, ita da muka yi karatun allo tare tana fin mu hadda. Ƙyanda da hangum ma suna yin irin wannan ɓarna, haka shawara mai tsanani a jariri, haka wasu allurai irin su jentamaisin in aka yi su barkatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa yake zuwa. Da na ga adadin ban yi mamaki ba, unguwarmu kawai na ƙirga.

Wannan zangon da na zo darasin kunne, ban fara da zane ba. Na tambayi 'yan ajin wa ke sosa kunne da tsinken ashana, ko gashin kaza, ko murfin biro. Kusan duka suka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, don makullin mashin nake sawa. Ramin nan duka-duka santimita 2 da rabi ne, kuma dauɗar da muke yaƙi da ita kunne ne ke yin ta don ta kama ƙura da ƙwari, ta fito da kanta sannu a hankali. Tsinke turata ciki yake yi. Sannan na ba su abin da ya fi burge ni tun ina ɗalibi. Kunne yana fara tsiro tun cikin mako na huɗu, lokacin da uwa ma ba ta tabbatar tana da ciki ba. Fatar waje daga wasu 'yan tudu shida take haɗuwa, can ƙasa wajen wuya, sannan ta hauro. Ɗan hujin nan da ake ganin wasu da shi a gaban kunne, wurin da haɗin bai cika ba ne. Wajen wata biyar katantanwa ta kai girman da za ta zauna a kai har tsufa, kuma kafin wata bakwai ɗan tayi na motsawa in ya ji ƙara. Wato ranar da aka yi wa jariri kiran salla a kunne, ya yi wata biyu ko uku yana sauraron gidan. 'Yan ƙasusuwan nan kuwa da girmansu ake haihuwarsu. Likkafar da ke kunnen Abba daidai take da ta kakansa. Wata yarinya a baya ta ce, "Malam, ashe da gaske kunne ya girmi kaka." Na ce ta zauna, amma na ba ta maki.

Kunnen Abba ya bushe bayan mako uku, kuma wata biyar ke nan bai sake zuba ba. Hujin yana nan. Likita ta ce a ci gaba da kiyaye ruwa, in ya ƙara girma kuma bai haɗe ba akwai aikin da ake yi a lika shi da 'yar fatar da za a ɗebo daga jikinsa, ko a nan ko a cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Na je makarantarsu na roƙi a dawo da shi layin gaba, ta inda kunnensa na dama zai fuskanci malami. Malamin Islamiyya da na yi wa bayani ya yi shiru, can ya ce, "Subhanallahi, na sha dukansa." Ban ce masa komai ba, da wane bakin?

Baba Tsoho kuwa ya ƙi na'urar ƙara ji. Na kawo maganar sau uku. Na ƙarshe ya ce, "Mi zan ji wanda ban ji ba? Bar kuɗinka ka yi wa takwara aiki." Ban haƙura ba, na dai ja baki zuwa bayan salla.

Juma'ar da ta wuce mun je gaishe shi. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar likkafa daga cikin buhun ƙarafa, ya zauna a dakalin zaure yana gogeta da toka. Abba ya zagaya ya zauna ta hagunsa, ba wanda ya koya masa, don kunnen kirkin ya kasance wajen tsohon. In zai yi magana sai ya leƙo da fuskarsa gaban kakan, ya buɗe baki sosai. Tsohon na nuna masa inda ake huda wa maɗauri, yana cewa, "Ka gani, takwara, nan ne aikin yake, in ka yi sakaci nan mahayi ƙasa zai sha." Daga cikin gida Inna ta ƙwala kira, fura ta samu, su shigo. Ta sake kira. Babu wanda ya waiga a cikinsu. Na ajiye wayata, na taka har dakalin, na dafa kafaɗar Abba.